Maganin da Kawu Ya Yi wa Shela

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, in ban da ƙafa da tsayuwa ta kumbura.

Allah ya saka wa Kawu da ya zaga dangi wai na gano maganin ciwon daji, har Inna ta daina zuwa asibiti tana jirana. Maganin da muke ƙerawa a nan ɗakin bincike kamar jabun tubali ne: ciwon ya ɗauka ya sa a gininsa, ginin ya tsaya. Amma namu bai nuna ba tukuna. Ɓeraye shida muka ba don gwaji, biyu kawai suka rayu.

Don Allah ki mayar da Inna asibiti ranar Litinin. In Kawu ya matsa, in aiko masa da maganin ya fara sha?

Ƙaninki