Mujallarka a Akwatin Masallaci

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yara, ya Maraɗi? Mu nan Sharafiyya lafiya lau.

Da kunya nake rubuto maka. Mujallun labaran zuwa duniyar wata da kai da abokanka kuka rubuta da hannu kuna samari, ka bar min ajiya, na ga ajami da bisimilla, na ɗauka addu'o'i ne. Sai na zuba su a akwatin masallaci na tsofaffin takardun addini da ake ƙonewa. Jiya ladan ya zo da ɗaya mai sunanka, yana tambaya: "Wane malami ya ce mutanen wata su ɗaga kai sama neman alƙibla?" Sauran an riga an ƙone su, shi ke nan.

Ka yafe min, ka sa ni a addu'a, ka gaishe da kowa. Ɗayar ma ladan ya ce sai ya gama karantawa.

Ƙanwarka,
Rabi