Ni Ce Na Shayar da Waken Kwalba ta Uku

Zuwa ga Yayata, farin watan ɗakinmu, inuwata ta tsakar rana, ruwan sanyin zuciyata, wadda ta fi kowa iya kitso kuma ta fi kowa iya share mutum,

Na saka wasiƙar nan a cikin littafinki na Bayoloji domin nan ne kaɗai na tabbata idonki zai sauka. Da na tsaya a gabanki da ita, ko wuta ce ke ci a kaina, sai dai ki ce in matsa na tare miki haske.

Akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba, ko Mama. Ni ce na zuba wa waken nan ruwa.

Kin tuna kwalabe ukun da kika jera, kowace da auduga da ƙwayar wake biyar? Ta farko a taga da ruwa, ta biyu a cikin kabad, ta uku a taga babu ruwa ko ɗigo. Kika liƙa musu takarda, kika ce duk wanda ya taɓa zai gamu da ke, amma ba ki faɗi dalili ba. Kullum na dawo makaranta sai in ga waken farko ya tsage ya miƙo 'yar farar wutsiya, na uku kuwa yana kwance a busasshiyar auduga, yana kallon ɗan'uwansa yana sha! Wace zuciya ce za ta jure wannan? Kina wajen darasin yamma na ɗauko cokalin shayi na ɗiga masa ta gefe, can ƙasan audugar, yadda kafin ki dawo saman ya bushe. Washegari na ƙara. Ranar da ya tsiro, wallahi har rawa na yi a bayan ƙofa.

Sai jiya na ji kina gaya wa Mama a kicin cewa malamin Bayoloji ya jefo miki rahotonki a gaban aji. Wai wake ba ya tsirowa babu ruwa, don haka ƙarya kika zauna kika tsara. Wai sifili zai ba ki, makin kuma yana cikin na ƙarshen shekara, ran Juma'a zai miƙa sakamako. Ke da kike aunawa da rula kowace safiya kina rubuta abin da idonki ya gani! Ashe da gangan aka bar shi da ƙishi, don a nuna ruwa ne ke tayar da iri. To fisabilillahi, Yaya, wa ya gaya mini? Duka-duka wata nawa da barina firamare? Kalma biyu kacal da sun isa, amma ke yanzu kalmominki sun yi wa ƙanwarki tsada.

Haba tauraruwata, haba furen da ke buɗewa da safe! Tun da kika shiga ajin ƙarshe Bayolojin nan ya sace mini ke. Rabon da ki yi mini kitso tun hutun da ya wuce, yanzu Mama ke yi, kuma kin san hannunta, sai gira ta koma tsakiyar kai. Rannan kika kama hannuna, zuciyata ta yi tsalle kamar ɗan akuya, na ce yau Yaya ta tuna da ni. Ashe bugun jinina kike ƙirgawa kina duban agogo! Kika ce ya yi sauri da yawa, kika rubuta, kika sake ni. Ba zai yi sauri ba? Wani lokacin kika tallafo haɓata kika zuba mini ido har kunya ta kama ni, ashe so kike ki ga yadda baƙin idona ke tsukewa idan an haska tocila. Ni ƙanwarki ce ko kwaɗon gwaji? Kwaɗon ma ya fi ni gata, shi an zana shi da launi huɗu an manna a bangon gadonki. Burodin nan mai funfuna da kika ɓoye a leda, sau biyu kike leƙa shi a rana. Ni sau nawa?

Kin ce zuciyar mutum ɗaki huɗu gare ta. Tawa duka huɗun ke ce a ciki, har da tsakar gidan. A taki fa? Na san jijiyoyi da ƙasusuwa sun cika uku. Ba na neman ɗaki guda, ko bayan ƙofa ya ishe ni.

Ina yawan tuna ranar da muka gama firamare, da aka tsayar da ni a gaban iyaye in yi karatu. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Sai na hango ki can baya kin hau kan benci, kina motsa leɓe kina karanta mini a hankali, layi bayan layi, wani malami yana jan siket ɗinki ki sauko kin ƙi. Da leɓenki na gama karatun nan. A hanyar gida kika goya ni, ƙatuwa da ni, kina cewa Shiru-shiru ta yi magana yau, a buga ganga. Ina wannan Yayar ta tafi? Wane shafi ne ya haɗiye ta?

Na san abin da ke gaba. Idan kika ci jarrabawa za ki tafi karatun likita, gadonki ya zama wurin ajiye wanki. Ba zan ɓoye miki ba, da na ji maganar sifilin nan, wani ɗan mugun abu a cikina ya ce to shi ke nan, sai ta zauna. Minti ɗaya bai yi ba na ji kin ja hanci a kicin, sai na tsani kaina. Gara ki yi nisa kamar wata in riƙa hango ki, da ki zauna kusa da ni an kira ki maƙaryaciya saboda ni.

Ki yi fushi, kin isa. Ki ja kunnena, ki kira ni sakarya, duk zan ɗauka, in dai da ni kike magana. Abu ɗaya nake roƙo: nan gaba idan za ki bar wani abu da ƙishi a ɗakin nan, ki faɗa mini dalili.

Gobe Alhamis, da an kaɗa ƙararrawar tara, zan tsallaka ɓangarenku na manya, in je ofishin malamin Bayoloji. An ce idan ya daka tsawa har gilashin taga amsawa yake. Na rubuta abin da zan faɗa, na maimaita sau tara a banɗaki, sau biyu na kai ƙarshe ban yi kuka ba. Kada ki raka ni, kuma kada ki riga ni zuwa. Ni kaɗai zan ƙwanƙwasa ƙofar.

Taki har tsufa, ko kin kula ni ko kin share ni,
Shiru-shiru