Sa Hannun da Asabar ta Hana

Singafo, 9 ga Maris

Assalamu alaikum Abang Jumari,

Ka yi mini afuwa da zan ɗora maka damuwa, alhali kai ma kana fama da ciwon gwiwa da hidimar jikoki. Da ina da wata ƙofar da zan ƙwanƙwasa, da ban taɓa taka ba, amma ƙanwa ba ta da wurin kai kuka sai gun yayanta. Ina fata kana lafiya kai da uwargidanka Kak Rosminah. Allah ya ƙara sauƙi, ya raba mu da kwanciyar asibiti. Mu nan sai godiya. Hawan jinin mahaifiyarmu Mak ya sauka, sai dai ta ƙi barin kofi mai madara, wai wadda take da likita a jikokinta ba likita ne zai ba ta umarni ba.

Ka ji rasuwar Baba Nissim, tsohon Bayahuden nan da na yi wa girki da jinya shekara goma sha tara. Yau kwana sha takwas ke nan. Abin da ba ka ji ba shi ne maganar littafinsa. Littafi ne na addu'o'i da waƙoƙin yabon Ubangiji da Ibrananci, mahaifinsa ya rubuta da hannu a birnin Rangun. Yawancinsu kwafa ya yi daga na magabata, amma guda goma sha ɗaya shi ya tsara su da kansa, babu su a ko'ina sai cikin wannan littafi. Bara Baba ya ji labarin wani shafin intanet inda mutanensu ke zuba addu'o'i kyauta: duk mai so ya kwafa, ya buga, ya fassara, ba sai ya nemi izini ba, muddin ya ambaci mai asalin. Tun daga ranar bai bar ni na huta ba. Ya ce jikokinsa ko harafi ɗaya na rubutun ba sa iya karantawa, wai addu'ar da aka kulle a akwati asu kaɗai take ciyarwa.

Hannunsa na rawa, don haka ni nake ɗaukar hoton shafukan da wayata. Ba na taɓa littafin sai da alwala, shi kuwa ya yi ta dariya yana kirana Ustaza, wai littafin da ya tsallake bama-baman yaƙi ba hannun mai dafa kaza ne zai gama da shi ba. Mun yi shafi arba'in cikin ɗari da talatin, sai masu shafin suka turo takarda, suka ce tun da waƙoƙin nan na gidansu ne, dole magaji ya sa hannu cewa ya sake su ga kowa.

Abang, a nan na yi kuskuren da ya hana ni sukuni. Takardar ta iso ranar Alhamis. Na ce bari sai Juma'a in buga ta a shago. Juma'a kuwa na tsaya layin kazar da ake dafa masa da shinkafa don Asabar, ruwa ya tsare ni, ban shigo gida ba sai da Baba ya kunna kyandir na shigar Asabar. Ka san su, daga faɗuwar ranar Juma'a har taurari su fito ran Asabar ba sa riƙe alƙalami. Na ce to in rubuta sunansa, shi ya dangwala yatsa. Ya ce yatsa da tawada ma rubutu ne, kuma abin da aka hana shi bai halatta ya sa ni in yi masa ba. Har da tsokana, wai Ustaza tana so ta kai shi wuta a kan takarda ɗaya, ai Lahadi ba gudu za ta yi ba. Da taurarin suka fito na tarar ya yi barci a kujera, na ji nauyin tashinsa. Da safiyar Lahadi ɓarin jikinsa ya shanye, baki da hannun dama duka. Kwana huɗu ya yi yana bina da ido, ya cika.

Yanzu littafin yana hannun ɗansa Menashe. Ya ce littafin ya tsufa, ya yage, don haka za a binne shi a maƙabartarsu kamar yadda suke yi wa duk takardar da ke ɗauke da sunan Ubangiji, ranar da za su koma kabarin a cikar kwana talatin. Maganar intanet kuwa ya ƙi. Ya ce izinin nan in an bayar ba a janye shi, gobe wani ya buga sunan Ubangiji a jikin riga ya shiga bayi da ita, wa zai hana? Ban ga laifinsa ba, domin ka tuna yadda malaminmu Ustaz Dahlan yake sa mu tsince duk takarda mai Bismillah daga ƙasa. Menashe ba mugu ba ne. Cikin ladabi ya ce mini Kak Zaiton, ba ya ƙaryata ni, amma abin da kunnena ya ji ba sa hannu ba ne. Hotuna arba'in ɗin suna wayata, na kuma san yadda ake tura su. Sau biyu ina buɗe shafin ina rufewa. Kayan mutane ne, in na tura ba da yardarsu ba, sata na yi, in na yi shiru kuma na ci amanar wanda ya rasu. Gaba kura, baya sayaki.

Abu ɗaya kawai ya sassauta. Ya ce in yayarsa Mozelle ta rubuto da hannunta cewa ta yarda, shi ma zai sa hannu, ya bar ni in ƙarasa hotunan kafin a binne. Amma ya rantse ba zai kira ta ba, tun rigimar auren 'yarta ba sa magana. Ita kuwa tana nan garinku Perth, a gidan jinya, an yi mata aiki a ƙugu, shi ya hana ta zuwa jana'iza. Na kira ta sau shida, ba ta ɗaukar lambar da ba ta sani ba.

Don Allah, Abang, ka je mata da ƙafarka. Na sa adireshin da takardar a ƙarshen wasiƙar nan. Ka ce daga Zaiton, wadda ta rufe idon mahaifinta. Kada ka je ran Asabar, kada kuma Kak Rosminah ta dafa mata komai, ba za ta ci ba saboda dokar abincinsu. 'Ya'yan itace sun isa. Ka faɗa mata abin da ƙaninta yake tsoro ma, kada ka ɓoye. In ta ce a'a, na haƙura, nata ne. Amma kada a binne shi ba ta ma sani ba.

Ka gaishe da Kak Rosminah, da Norlela da mijinta, da su Irfan. Mak tana sa maka albarka, tana tambaya ko kana shafa man da ta aiko. Saura kwana goma sha biyu, Abang. Ka ba ni amsa da wuri, ko da layi ɗaya ne, in san ko za ka iya zuwa.

Ƙanwarka,
Zaiton