Ka Bar Rahab Ta Ga Likita

Yaya Midhat,

Gaisuwa daga Kuwait. Ya jikin Baba? Ni ƙalau nake, tsayuwar kanti ce kawai ta kumbura min ƙafafu.

Na ji ka hana ƙanwarmu Rahab komawa wajen likitan ƙwaƙwalwa, wai kada mutanen Asyut su ce gidanmu akwai mahaukaciya. Ta dube ka ta ce, "Yaya, na gaji da rayuwa," ka ce ta tashi ta dafa shayi!

Gwaggo Nawal za ta zo ranar Talata ta raka ta asibiti. Don Allah kar ka tare ƙofa. Bara na zo muka binne Mama. Ba zan iya sake hawa jirgi don jana'iza ba.

Allah ya tausasa zuciyarka.

Ƙanwarka,
Samah