Baba, Gaisuwa Ta Ja Mini Magana

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani hedimasta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Shekara uku ke nan da rasuwarka, amma har yau idan abu ya cushe mini kai nake fara kai wa ƙara. Masu karanta wannan shafi su yi haƙuri, yau da kai nake magana.

Ka san ina Birmingham ina digiri na uku. Abin da ba ka sani ba, tallafin jiharmu ya tsaya tun bara. Koyarwar da nake yi wa 'yan aji ɗaya a jami'a ita ke riƙe da ni, ita ke riƙe da ɗan ɗakina a unguwar Erdington. Biza ba ta ba ni damar wani aikin kirki ba. Ranar da aka karɓe ajin nan, sai in tattara in dawo gida hannu rabbana, bayan shekara huɗu.

Ka tuna ranar da na wuce mai sharar makarantarku ban ce masa uffan ba? Daga bakin ofishinka ka mayar da ni. "Koma ki ce masa sannu da aiki. Ke wace ce?" Na koma ina kuka, shi kuma yana ta ba ka haƙuri.

To, Baba, tarbiyyarka ce ta ja mini. A Turancinmu na gida, sannu da aiki ita ce well done. Kai ma haka kake ce wa malamanka idan ka leƙa aji. Ashe a nan ba gaisuwa ba ce. Idan malami ya faɗa, yana nufin ya duba aikinka kuma ya yi kyau.

Wata rana na ratsa ta laburare, na ga ɗalibata Chloe ta duƙufa kan rubutun da ni zan yi makinsa. Bakina bai iya wucewa a rufe ba. Na ɗan tsaya a bayanta, na ce mata well done, na yi gaba. Ta bi ni da murmushi. A ranar ta miƙa rubutun ba ta ƙara gyara ko layi ɗaya ba, kuma rubutun bai ci ba. Ta kai ƙara cewa malamarta ta ga aikin, ta ce ya yi kyau, sannan ta kayar da ita.

Kada ka ji haushinta. Ba ƙarya ta yi ba, abin da kunnenta ya ji ta faɗa. Yarinyar kanti take tsaro bayan aji, ga kuɗin makaranta an ninka musu.

Da akwai wadda aikinta shi ne hana irin wannan. Sunanta Margaret, dattijuwa ce, ita aka ɗora wa kula da mu baƙin da ke koyon koyarwa. Takan zauna a bayan aji da ɗan littafinta, idan an tashi ta ja mutum shan shayi. Ita ta ce in riƙa kallon ɗalibai a ido, in rage gudun magana, in daina rusuna wa farfesa domin tsoro nake ba shi. Da za ku shirya da ita, don ita ma ba ta tafiya sai da jan biro.

Sau biyu kacal ta zauna a ajina. Sai tsuke bakin aljihun gwamnati ya iso jami'a, aka rufe ofishinta, aka sallame ta. A madadinta aka ba mu bidiyo mu kalla a kwamfuta, mu amsa tambayoyi. Na cinye su duka, har da satifiket, ka ga 'yarka ba ta ba ka kunya ba. Sai dai bidiyon bai taɓa jin yadda nake gaisuwa ba.

Shugaban sashe ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, har ruwa ya zuba mini, ni kuwa na fi son a yi mini faɗa in san inda na tsaya. Ya turo mini takarda. Tana cewa an ba ni cikakken horo da mai ja mini gora kan yadda ake magana da ɗalibai game da aikinsu, don haka kuskuren nawa ne ni kaɗai. Idan na sa hannu, Chloe ta sake rubutunta, ni kuma in ci gaba da ajina. Idan na ƙi, magana ta tafi sama, kuma ba a ba wanda ake bincike aji a zango mai zuwa. Ya ba ni mako guda.

Ranar Asabar na hau bas zuwa Manchester, inda Margaret ta koma wajen ƙanwarta a unguwar Gorton. Da na ba ta labari ta yi dariya har da tari. Ta ce da tana nan, minti biyu sun isa ta gaya mini. Na roƙe ta ta rubuta wa jami'a cewa sau biyu kaɗai ta gan ni. Ta kasa kallona. Ashe ita ma sai da ta sa hannu cewa ba za ta ƙara magana kan harkar jami'ar ba kafin su sallame ta da haƙƙinta. Ta raka ni har bakin kasuwa inda zan hau bas, ta riƙe hannuna, ba ta ce in sa hannu a takardar ba, ba ta ce kada in sa ba.

Na gaji, Baba. Gaba ba hanya, baya ba hanya. Na yi kewarka, na yi kewar inda mutum zai gai da mutum ba a rubuta masa takarda ba.

Ranar Litinin na sa hannu. Ajina yana nan. Amma a ƙasar nan ba a kiran mutum da sunansa na yanka a takarda, da sunan uba ake kiransa. Layin da ke ƙarƙashin maganar da na san ba gaskiya ba ce, Sani aka buga a kai da manyan baƙaƙe, kuma da hannuna na maimaita shi. Kai da ko rajistar aji ba ka taɓa yarda a cike wa yaron da bai zo ba. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa aljanna ce makomarka. Ni kuma Allah Ya fitar da ni daga nan da digirin da zai kai abin da na bayar a kansa.

Taka har kullum,
'Yarka Bilkisu