Garurar da na zuba a jan-baki

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don ni ma ban bar zagin kaina ba.

Ni matar aure ce a Birnin Konni, mijina direban babbar mota ne, yakan daɗe bai kwana gida ba. Zaman banza ya sa na fara haɗa jan-baki. Tun da sefa ta faɗi, na kanti ya fi ƙarfin mata da yawa, ga shi ana ta cewa yana ƙona leɓe. Sai na riƙa jiƙa soɓorodo, wato zoɓo, da karan dafi, in tace, in dafa ruwan har ya yi kauri, in haɗa da man kaɗe da kakin zuma, in zuba a ƴan gwangwanaye. A shafa a leɓe, a ɗan ɗiga a kumatu a murza. Mata sunka so shi, suna cewa abin da ake ci ba ya cutar da fata. Aibinsa ɗaya, ba ya daɗewa, mace ta sha ruwa ko ta yi zufa ya tafi. Wata ta ce mini a gidan suna, gaban mutane, "Jan-bakinki ai sai mai azumi." Kowa ya yi dariya.

Dariyar nan ce ta kai ni rumfar dukawa a kasuwa. Na sayi garura, jan garin nan da suke rina fata da shi. Badukun ya ce, "Hajiya, kar ki bari yara su kai ta baki." Na ce to, na ƙulle a bakin zane. Me ya hana ni tsayawa a nan? Wallahi ban sani ba. Na zuba kaɗan a tukunya, launin ya fito ja wur, tun safe har la'asar bai gushe ba. Da na gwada a leɓena na ji ɗan ƙaiƙayi, na ce zafin gari ne. Na ci gaba da ba mata, ina rantsuwa babu komai ciki sai soɓorodo.

Akwai ɗiyar yayata a Illela, Sa'a, yarinya mai haske, bana ta gama lakwal, makarantar boko. Ita ce babbar ƙawar amarya a wani biki a Tajaye, ta zo ta ce, "Inna, ki ba ni wanda ba ya gogewa." Da hannuna na zaɓar mata wanda ya fi ja. Ta yi ta shafawa duk kwanakin biki. Da ta koma gida leɓenta sunka kumbura, sunka tsage suna ruwa, kumatunta sunka yi ƙuraje, da ƙurajen sunka bushe wurin ya koma baƙi kamar ƙuna.

Ba wanda ya yi tunanin jan-baki. Sai anka tuna da Inna Hajo, wata tsohuwa mai kitso a unguwarsu, wadda ta yi mata kitson bikin. Wai ta kama haɓarta ta ce, "Wanga kyau ya yi yawa," ba ta ce masha Allah ba. Da farko kambun baka anka ce, yanzu maita ake faɗi. Ba mai kai mata kai, yara na jifar ƙofarta, dangin uban Sa'a na cewa za su kai ta gaban mai gari a sa ta tsallake yarinyar, in ta ƙi su san abin yi. Tsohuwar ba ta da kowa a garin.

Na je dubiya. Sa'a na zaune a ɗaki ta rufe fuska da mayafi, da ƙyar take buɗe baki. Ta ce, "Inna, kin taho mini da wani? Ko zai rufe baƙin." Na ce ya ƙare. Yaya ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce, "Likita ya tambayi abin da take shafawa, na ce ƙanwata ke haɗawa, ko jariri zai iya lasa. Ya ce duk da haka ki zo da gwangwanin." Da zan fito na hangi Inna Hajo a bakin rijiya, mata sun ja gugansu sun bar ta ita kaɗai. Ta gaishe ni, ta ce Allah ya ba ɗiyata lafiya. Na kau da kai na wuce.

Na binne sauran garurar a bayan ɗaki, amma gwangwanayen fa? Suna ɗakunan mata har Malbaza, kuma jiya maƙwabciyata ta ce leɓenta na mata ƙaiƙayi. Ranar kasuwar Illela Yaya ke jirana mu je wurin likita. Zan iya haɗa sabo mai tsabta in kai mishi, ya duba ya ce ba komai, asirina ya rufu, sai dai hakan ne zai tabbatar wa mutane cewa tsohuwar ce. In kuma na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalli Yaya? Mijina zai bar ni a gidansa? Ba za a kai ni jandarma ba?

Har na jiƙa soɓorodon, yana nan cikin kwano ban ɗora a wuta ba. Don girman Allah, jama'a, me zan yi?