Luguden Bikin Khairiyya

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025
Ke da za ki saci karatun littafin nan, kuma na san ke ce Khairiyya, tunda kin buɗe sai ki canka. Wace mai daka ce tun ranar da aka haife ki take yi miki aiki, ba ta taɓa jingine taɓarya ba, ba ta kuma taɓa ɗanɗana tuwon ba?

Saura wata guda bikin jikar nan tawa. Ni zan ja lugude, kamar yadda na yi a bikin uwarta. Inji ya niƙa na tuwo, amma geron furar amarya hannu ne zai daka shi.

Alhamis, 6 ga Nuwamba
Na raka maigidana, kakan Khairiyya, asibiti. Direba nake ce masa har yau, ko da yake rabonsa da sitiyari shekara ashirin. Ƙirjinsa ke fat-fat. Ina tsokanarsa cewa tsohuwar mota sai haƙuri, sai likita ya ga ina haki. Ya kama wuyan hannuna, ya ƙirga bugun. Wai ni ma bugun nawa ba ya tafiya daidai. Ya tura mu Kano hoton zuciya, mu biyu. Rakiya fa na zo.

Laraba, 12 ga Nuwamba
Kano. Suka cusa mu ɗaya bayan ɗaya cikin wata na'ura mai ƙara. Direba ya shiga yana salati, ina masa dariya.

Likitar mace ce, 'yar firit. Ta ce dukkanmu muna da tabo a zuciya, amma nawa ya fi yawa. Na ce ta duba da kyau, ƙila hoton tsohon ta riƙe. Ta ce a irin wannan ciwon an fi ganin tabon ga mata, kuma shekaru na ƙara shi. Sai ta tsaya tana kallon katina. Shekara hamsin da takwas. Mai yankan kati ne ya dube ni ya rubuta, ni kuwa ban ga dalilin yi masa musu ba.

Ta tambayi yaushe na yi haihuwar fari. Direba ya riga ni, wai shekarar da aka canja wa motoci hannu. Ta ɗan danna wayarta.

"Inna, ashe kina shekara biyar kika haihu?"

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ta goge, ta rubuta saba'in da ɗoriya. Magani kullum, kuma ban da aikin da ke sa haki. Na ce daka fa? Ta ce ban da daka.

Juma'a, 14 ga Nuwamba
Na tsare Direba ya sha maganinsa. Nawa yana cikin kwalla.

Asabar, 22 ga Nuwamba
Da ina budurwa a Gwaram, mu huɗu muke zagaye turmi ɗaya. Ki cilla taɓarya sama, ki tafa sau biyu, ki cafe ba ki rasa bugu ba. Har daga bakin hanya ake jin mu. Direba ya sha faɗa cewa luguden ne ya sa ya kashe mota ya sauko neman ruwa, alhali randarsa cike take. Duk sauran ukun sun riga mu gidan gaskiya.

Yau na gwada a bayan ɗaki. Bugu goma, ko cillawa ban yi ba, sai ga ni zaune a ƙasa. Ashe yana tsaye. Na jira dariyar, ba ta zo ba. Ya je ya buɗe kwallar da kansa, ya dawo da moɗar ruwa.

"Lami, in kin tafi wa zai riƙa ce mini tsoho?"

Na ce masu faɗa ai ba sa ƙarewa. Na karɓa dai.

Alhamis, 4 ga Disamba
An yi dakan. Taɓaryata na miƙa wa Jummai, ƙanwar amarya, ni na zauna a kujera ina ba 'yan matan bugu da baki. Ba don likita ba. Lallen hannuna ne bai gama kamawa ba. Sau uku suna ɓata luguden, na yi musu tas, a na huɗu ya zauna. Ba laifi. Ƙwayar na ƙulle a bakin zane, na haɗiye ta bayan azahar, ba wanda ya tuna mini.

Khairiyya, daina wahalar da kanki. Mai dakan nan zuciya ce.